Wa ya ƙirga shekarun ƙasusuwan hamadar Nijar?

Tun da hoton Nigersaurus, dabbar daurin nan (dinoso) mai haƙora sama da 500 da aka tono ƙasusuwanta a Nijar, ya fara yawo, tambaya ɗaya nake ta gani: "Shekara miliyan 110? Wa ya ƙirga, yana wurin?" Sai wani ya amsa da gadara, wai gwajin kabon ne. To, ba shi ba ne.

Akwai wani mutum, Paul Sereno na Jami'ar Shikago, masanin duwatsu da ƙasusuwan halittun dauri. Shi da tawagarsa suka raɗa wa dabbar suna Nigersaurus a 1999. A Gadoufaoua aka tono ta, cikin hamadar Tenere, inda Bafaranshe Philippe Taquet ya riga shi zuwa tun shekarun 1960.

Yanzu ku natsu. Duk abu mai rai yana ɗauke da wani sinadari da ake kira kabon-14. Da ya mutu sai kabon ɗin ya fara tsiyayewa kamar tulu mai yoyo, rabi a duk shekara 5,730. Bayan kimanin shekara 50,000 tulun ya bushe, babu abin aunawa. A Gobero, tsohuwar maƙabartar da tawagar Sereno ta gano cikin Tenere a 2000, gwajin ya yi aiki, don mutanen ba su wuce shekara 10,000 ba. Amma wannan dabba? Ƙashin ma ya riga ya zama dutse.

Shi ya sa ake komawa kan dutsen da ya binne ta. In kun kalli gefen tsauni, za ku gan shi hawa-hawa kamar tabarmin da aka jibge. Ta ƙasa aka fara ajiyewa. In an yi sa'a akwai tokar dutse mai aman wuta a tsakani, sai a auna yawan ma'adinin yuraniyom da ya rikiɗe ya zama dalma a cikinta. In babu, sai a gwada hawan da na wasu wuraren da aka riga aka auna.

Nan ne ake iya kuskure, kuma an yi. Jobaria, wata dabbar daurin da aka tono kusa da garin Ingal, Sereno ya ba ta shekara miliyan 135. A 2009 wasu masana suka sake nazarin duwatsun, suka ce ta haura miliyan 160. Ƙasusuwan dai su ne, ko ɗaya ba a ƙara ba.