Dokar Zaɓen Kansila a Gusau Ake Yin Ta

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Wani dare ina zaune teburin mai shayi a Tudun Wada, nan Gusau, gardama ta kaure tsakanin wani ɗan kabu-kabu da wani dattijo mai sayar da hatsi, a kan zaɓen ciyaman da kansila. Yaron ya ce, "Baba, ai INEC ka yin shi, daga Abuja a ka turo komi." Dattijon ya girgiza kai ya ce, "A'a yaro, wanga aikin gwamna na." Mai shayi yana zuba shayi daga wannan kofi zuwa wancan ya ce shi dai abin da ya sani, ya kunna rediyo ya ji an ce an yi an gama. Mun kai mu goma a bencin, kowa da katin zaɓensa, amma ba wanda ya ambaci majalisar dokokin jiha. Alhali nan ne gizo ke saƙar.

INEC ita ke gudanar da zaɓen shugaban ƙasa da na gwamna da na 'yan majalisu, ita ce kuma ke riƙe da rajistar masu zaɓe. Zaɓen ƙananan hukumominmu 14 da mazaɓunmu 147 kuwa yana hannun hukumar zaɓe ta jiha, ZASIEC, wadda sashe na 197 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi irinta a kowace jiha. Gwamna ke zaɓo shugabanta da mambobinta, don haka dattijon nan bai faɗi ƙasa ba. Sai dai ba sa kama aiki sai majalisa ta tantance su ta amince. Dokar da suke aiki da ita ma majalisa ce ke yin ta: shekara nawa ciyaman zai yi a kujera, yadda za a tsige shi, kotun da wanda aka zalunta zai kai kuka, da kwanakin da yake da su kafin ƙofa ta rufe. Mutum 24 ke yanke waɗannan, kuma mu muka tura su.

Mu Zamfarawa mun fi kowa sanin abin da layi ɗaya na doka ke iya yi wa ƙuri'a. A 2019 mutane sun sha rana a layi, an ƙirga, an bayyana waɗanda suka ci. Ran 24 ga Mayu, saura kwana biyar a rantsar da sabon gwamna, Kotun Ƙoli ta ce APC ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani ba, saboda haka ƙuri'un da aka jefa mata sun tashi a banza. Kujerar gwamna da na sanatoci uku da na wakilai bakwai da na majalisar jiha duk suka koma hannun wasu. Wancan dokar tarayya ce. Amma ku tuna manomin Dansadau da ya bar aikinsa ya je ya dangwala; tun kafin ya fito daga gida ƙuri'arsa ta riga ta mutu, shi bai sani ba.

A matakin ƙaramar hukuma abin ya fi tsanani, don a nan ido ya fi ƙaranci. Ran 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi ko kwamitin riƙo a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Jihohi suka ruga shirya zaɓe. A Agustan shekarar, maƙwabtanmu Kebbi suka yi nasu, APC mai mulki ta kwashe kujerun ciyaman 21 da na kansiloli 225. A Nuwamba muka yi namu, PDP da ke riƙe da gwamnati a lokacin ta kwashe 14 da 147. Jam'iyya daban, sakamako iri ɗaya. Ban ce wani ya saci ƙuri'a ba, wannan aikin kotu ne. Abin da nake cewa, in a jiha bayan jiha ba a samun ko kansila ɗaya na adawa, to ya kamata mu buɗe dokar da ake zaɓen da ita mu ga yadda aka ɗinka ta. A Fabrairun 2025 Kotun Ƙoli ta rushe zaɓen ƙananan hukumomin jihar Ribas ɗungurungum, saboda ba a bi ƙa'idar da sashe na 150 na dokar zaɓe ta 2022 ya gindaya ba. Ashe ƙa'idar tana da haƙora, in an samu wanda ya san ta.

To yaya ƙuduri ke zama doka? Ana gabatar da shi, akawun majalisa ya karanta sunansa, wannan shi ne karatu na farko. A karatu na biyu a yi muhawara, a miƙa wa kwamiti, kwamiti na iya kiran taron jin ra'ayin jama'a, a dawo a bi shi sashe-sashe, a yi karatu na uku, a aika wa gwamna. Yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi; in ya ƙi, kashi biyu cikin uku na majalisar na iya zartar da ita ba tare da shi ba.

Ga inda nake so ku kasa kunne da kyau. Kundin ya ce kashi ɗaya cikin uku na mambobi sun isa a yi zama. A majalisa mai mutum 24, takwas ke nan. Mai jagorantar zaman ba ya jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki. Saura bakwai. Huɗu daga cikinsu suka ce "na'am", magana ta wuce. Mutum huɗu, da hantsin wata Talata, na iya sauya wa'adin ciyamomin jiha baki ɗaya, kuma ba su karya doka ba. Gyaran yakan zo da gajeren suna, a cire kalma ɗaya a sa wata, a mai da "uku" ya koma "biyu". In ba wanda ke zaune yana bin diddigi daga karatun farko, sai ranar da za a sayar da fam ɗin takara mutane su ji.

Mu 'yan jarida da laifinmu a nan. In rikici ya ɓarke a majalisa, aka dakatar da wasu ko aka rabu gida biyu kamar yadda aka gani a 2024, mukan cika gari da labari. Ranar da ake bin ƙuduri layi-layi kuwa, kujerun 'yan kallo wayam. Ya kamata mu zauna a can duk ranar zama, mu dawo mu gaya muku sunan ƙudurin, wanda ya kawo shi, inda ya kai, da abin da wakilin Gummi ko na Shinkafi ko na Tsafe ya faɗa a kai.

Majalisa kuma ina roƙonta, da girmamawa, ta mai da wannan ƙa'ida a rubuce: duk ƙudurin da ya shafi zaɓe, a fitar da shi da Hausa, boko da ajami, kafin karatu na biyu. Sashe na 97 na kundin tsarin mulki ya ba ta damar yin aiki da harshen mutanen jiha bayan Turanci. Yin muhawara da Hausa a zaure bai wadatar ba matuƙar takardar kanta da Turancin lauyoyi take. A sa a intanet, madalla, amma kada a tsaya nan. Mun ga Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar nan saboda matsalar tsaro. Rediyo ce ta rage wa mutane. A karanta a rediyo, a liƙa a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, a aika wa hakimai da limamai. A kuma rubuta sunan wanda ya goyi baya da wanda ya ƙi, don amsa baki ɗaya na ɓoye kowa.

Akwai wata tsohuwa da na gani gaban bangon wata makarantar firamare, lokacin da aka liƙa sunayen masu rajista. Jikanta na bin layi da yatsa, takarda bayan takarda, ita tana riƙe da katinta a ƙulle cikin leda a bakin zane. Ba su samu ba. Na karɓi katin na duba, na ce, "Inna, ai sunanki na can ƙauyenku." Ta ce, "Ɗana, ƙauyen da ɓarayi sunka tashe mu?" Ana iya neman sauya wurin zaɓe a ofishin INEC lokacin da aka buɗe rajista, amma ita ba ta taɓa ji ba. Irinta suna da yawa a Gusau da Anka da Ƙauran Namoda. Rajista ba a hannun jiha take ba, gaskiya ne. Amma majalisa na iya wajabta wa hukumar zaɓen jiha ta sanar tun da wuri, da Hausa, inda kowace rumfa za ta zauna da inda 'yan gudun hijira za su dangwala, ta kuma liƙa sakamakon kowace rumfa a wurin kafin a ɗauke akwati.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da ke hannunku. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ofishin gwamnati ya nemi takarda, ba sai ya faɗi dalili ba, kuma ana da kwana bakwai a amsa masa. An daɗe ana jayayya ko ta hau kan jihohi, har Kotun Ƙoli ta tabbatar a Afrilun 2025 cewa ta hau. Ƙungiyar 'yan kasuwa, ko ta malamai, ko ta matan unguwa, na iya rubuta wa akawun majalisa wasiƙa mai layi uku, ta nemi kwafin dokar zaɓen ƙananan hukumomi da duk gyaran da aka yi mata. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya, ku riƙe shi, ku fara ƙirga kwanakin.