Ragon dutsen Amurka ta Arewa: rabe-rabensa, mazauninsa da halin da yake ciki

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sauraro. Dabbar da za mu tattauna a kanta yau ita ce ragon dutse na Amurka ta Arewa, wanda masana suka raɗa wa suna Ovis canadensis a shekarar 1804. Ƙahonin ƙasaitaccen rago, waɗanda suke nannaɗewa har su kewaye kunnuwansa, suna iya kai nauyin kilo 14.

A 1940 masanin dabbobi Ian McTaggart-Cowan ya kasa wannan jinsi gida bakwai, amma binciken da ya biyo baya ya mayar da su uku: na tsaunukan Roki, na tsaunukan Siyera Nebada a Kalifoniya, da na hamada. Mazauninsu ya faro daga Albata da Birtish Kolombiya a Kanada, ya ratsa yammacin Amurka, ya dangana da Sonora da Baha Kalifoniya a Meziko.

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya jinsin cikin waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu, sai dai ina roƙonku kada wannan hukunci ya sa mu saki jiki, domin lissafi ne na jimla. Na Siyera Nebada sun ragu zuwa kimanin 100 kacal a 1995, kuma a shekarar 2000 gwamnatin Amurka ta tabbatar da su cikin dabbobin da ke gab da ƙarewa.

Farauta ta yi ɓarna, amma abin da ya fi damuna shi ne ciwon huhu da suke ɗauka daga tumakin gida da Turawa suka shigo da su. Tunkiyar gida takan ɗauki ƙwayar cutar tana kiwonta lafiya lau, amma da zarar ta haɗa hanci da ragon dutse, sai ya koma cikin garkensu da cutar, su yi ta faɗuwa. Matan da suka tsira kuma sukan ci gaba da shafa wa 'ya'yansu shekara da shekaru, har garke ya tsufa babu masu tasowa. Shi ya sa ma'aikatan gandun daji suka dage a kan raba wuraren kiwo.

Akwai kuma wani abokin gogayya da ya fito daga nahiyarmu: ragon dutsen Sahara, irin wanda ake samu a duwatsun Azbin na Nijar. An kai shi jihar Tekzas domin farauta, ya hayayyafa ƙwarai, yanzu yana takura wa ragon dutsen hamadar Amurka wajen ruwa da ciyawa, kuma shi ma yana iya ɗaukar wannan cuta.