Ɗanyen naman kaza: yaushe ya kamata a shinshina shi?

Duk lokacin da aka ɗauke wuta na kwana biyu, tambaya ɗaya ce ke yawo a kafafen sada zumunta: shin kazar da ta narke a firiza, ta sake daskarewa, tana ciwuwa? Amsar da aka fi bayarwa ita ce a shinshina, idan babu wari a ɗora tukunya. Shawarar ba ta da laifi, sai dai ita kaɗai ba ta wadatar ba, kuma yawancin mutane suna shinshinawa ne a lokacin da hanci ba zai gane komai ba.

Batun launi ba shi da wuya. Ƙirjin kaza mai kyau ruwan hoda ne mai haske, kitsensa fari ko rawaya, wanda ya lalace kuwa yakan koma toka-toka, har gefensa ya fara kore. Kazar Hausa dai ta fi ta gidan gona duhun nama, wannan ba aibu ba ne. Idan kuma kuka taɓa fatar kuka ji yauƙi mai manne wa yatsa, to magana ta ƙare.

Matsalar tana wajen shinshinawa. Ƙanƙara tana danne wari, saboda haka kazar da ta lalace tun jiya, idan wuta ta dawo ta daskare, ba za ku ji komai a jikinta ba. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, dakatar da yaɗuwarsu kawai yake yi. Dole ne a bari ta narke sarai a cikin firiji, a buɗe ledar, a ɗan jira, sannan a shinshina cikinta da ƙarƙashin fiffike, inda warin tsami ko na ruɓaɓɓen ƙwai yake fara bayyana. Kuma a yi haka kafin a taɓa ta da lemon tsami ko ruwan khal ko citta. Mutane da yawa sukan murje ta da lemon tsami tukuna, su shinshina, su ce ai lafiyarta ƙalau. A gaskiya lemon suka shinshina, ba kazar ba. Ku lura kuma da jinin nan da ya taru ya daskare a ƙasan ledar, alama ce cewa naman ya taɓa narkewa, ko da mai sayarwa ya yi rantsuwa.

Rashin wari ma ba hujja ba ce, domin ƙwayoyin Salmonella da Campylobacter, masu haddasa gudawa da zazzaɓi, ba su da wari ko launi. A nan lissafin lokaci ne abin dogaro. Ɗanyen naman kaza ba ya wuce kwana 2 a firijin da sanyinsa ya kai digiri 4 a ma'aunin Celsius, a waje kuwa awa 2 ne iyakarsa, ko awa 1 idan zafi ya haura digiri 32, kamar yadda yake yi a bazara. Firizar da ke cike, wadda ba a buɗe ta, tana riƙe sanyi kusan awa 48, wadda ke rabi kuma awa 24.

Dafuwa har tsakiyar naman ya kai digiri 74 tana kashe waɗannan ƙwayoyi, amma gubar da wata ƙwayar cuta mai suna Staphylococcus ke bari a naman da ya daɗe cikin zafi ba ta jin wuta, komai daɗewar suya.