Amsoshin Tambayoyinku: Yaya ake gane kwatabak na jami'a zai yi ƙarko a gasar NFL?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun yau duka a kan ƙwallon Amurka suke, wasan nan da ake rungumar ƙwallo a hannu ana gwabzawa, wanda ake kiran babbar gasarsa ta ƙwararru NFL.

Ta farko daga wani mai sauraro ce a Zariya, yana cewa: wane ne kwatabak, kuma me ƙungiyoyin NFL ke dubawa kafin su ɗauko shi daga jami'a?

To Malam, kwatabak shi ne madugu. Shi ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, ya karanta tsayuwar abokan hamayya, ya jefa wa wanda ya dace. Ƙungiyoyi 32 ne ke zaɓen sababbin 'yan wasa duk watan Afrilu, zagaye 7, wadda ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa. Sharaɗi shi ne yaro ya cika shekara 3 da gama sakandare.

Aikin gaske a gaban faifan bidiyo yake. Akwai hoton da ake ɗauka daga saman filin, mai nuna 'yan wasa 22 gaba ɗaya, shi masu tantancewa ke zama su kalla, suna tsayarwa suna mayarwa baya. Ido suke fara bi: in mai cafewa na farko yana rufe, yaron yana juyawa ga na biyu da na uku, ko kuwa ya ƙura wa mutum ɗaya ido har mai tsaro ya gane inda ƙwallo za ta? Sai ƙafa. In ƙafar gaba ba ta fuskanci inda za a jefa ba, ko ya jefa nauyinsa na kan dugadugi, ƙwallo sama take tashi ta wuce kan mai cafewa. Sai lokaci. A NFL abin da yake da shi bai cika wuce daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku ba kafin ƙarti su danne shi, don haka dole ya saki ƙwallo tun mai cafewa bai juyo ba. Wanda ya saba jira sai ya ga mutum a sarari, to a can wannan sararin ba ya daɗewa.

Wani abin da 'yan kallo ba su cika lura da shi ba shi ne zanen filin. Layukan nan biyu na tsakiya da ake ajiye ƙwallo a kansu, a jami'a tazararsu ƙafa 40 ce, a NFL kuwa ƙafa 18 da inci 6. Ke nan a jami'a ana iya fara hari daga gefe, ɗaya ɓangaren ya zama fili fetal, jifa ta yi sauƙi. A NFL ƙwallo kullum kusa da tsakiya take, masu tsaro su ɓoye niyyarsu har sai an fara. Shi ya sa mai tantancewa na ƙwarai ke ware jife-jifen da aka yi cikin matsi, musamman a yunƙuri na uku cikin huɗun da ake ba masu hari, da sauran yadi mai yawa a gabansu, ya auna yaron da su.

Wata mai sauraro daga Maraɗi ta ce ta ji ana auna har tafin hannu, shin gaskiya ne?

Gaskiya ne, Malama. A taron gwaji na birnin Indianapolis, wajen ƙarshen Fabrairu, ana buɗe hannu a auna daga kan babban yatsa zuwa kan ƙaramin, domin ƙaramin hannu kan sha wahalar riƙe ƙwallo cikin ruwa da sanyi. An yi ta surutu a 2020 da hannun Joe Burrow ya ba da inci 9 kacal, amma ƙungiyar Cincinnati ta ɗauke shi na farko, ya kuma kai ta wasan ƙarshe a kakarsa ta biyu. Tom Brady ya yi gudun yadi 40 cikin daƙiƙa 5.28, aka bar shi har zaɓi na 199 a 2000, ya zo ya ci kofi 7. A ganinmu abin da ya fi amfani a wannan taro shi ne binciken likita, da zaman da ake yi da yaro a gaban allo, a zana masa tsari, a goge, a ce ya maimaita.

Ta ƙarshe daga Kumasi: in ana wannan bincike haka, me ya sa ake yawan kuskure?

Babban dalili shi ne ƙarancin abin kallo. Dubi ƙungiyar San Francisco. A 2021 ta ba da zaɓenta na zagayen farko na 2022 da na 2023 don ta hau matsayi na 3 ta ɗauki Trey Lance, mai ƙarfin hannu da gudu, amma wasa 17 kawai ya fara a jami'ar North Dakota State. Wasa 4 ya fara mata, ta miƙa shi Dallas a 2023. Wanda ya gaje shi, Brock Purdy, shi ne na ƙarshe ƙurmus a zaɓen 2022, lamba 262, sai dai ya fara wasa sama da 40 a Iowa State, ya ga tarkuna iri-iri. Shi ya kai su wasan ƙarshe a Fabrairun 2024.

Amma kada a ɗauka alƙaluman jami'a hukunci ne. Josh Allen kashi 56 cikin ɗari na jifansa ne ke isa hannu a Wyoming, Buffalo ta ɗauke shi na 7 a 2018, aka gyara masa tsayuwar ƙafa, aka kawo masa ƙwararrun masu cafewa, a 2020 ya kai kashi 69. Inda yaro ya faɗa ma yana da nasa rabon. Patrick Mahomes ya shafe kusan duk kakar 2017 a benci a Kansas City yana koyo a bayan Alex Smith, kafin a damƙa masa ragama. Da yawa ba sa samun wannan gatan, domin ƙungiyar da ke zaɓen farko galibi ita ce mai raunin masu kare kwatabak, sai a tura yaro fili tun makon farko ya yi ta shan duka har ya fara sakin ƙwallo don tsoro.

Lokaci ya cim mana, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.