Fodkas: Wai da gangan ake tsayar da zuciyar yaro a ɗakin tiyata?

Hadiza: Jama'a barkanmu da war haka, yau ni da Yaya Nura mun ritsa Dakta Bashir. Dakta, maƙwabciyata jaririnta aka ce yana da huda a zuciya, ta zo min tana kuka wai an ce sai an tsayar da zuciyar kafin a ɗinke, da gaske ne?

Dakta: Da gaske ne Hajiya, ai tela ba ya ɗinka riga mai ita na gudu. Ana haɗa yaron da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu, a matse babbar jijiyar da ke fitar da jini, sai a ɗura wa zuciyar wani ruwa mai sanyi ƙarara mai sinadarin fotashiyam da yawa, nan da nan ka ga ta yi laƙwas.

Nura: Innalillahi! To ba mutuwa kenan ba?

Dakta: Barci ne. Tunda an matse jijiya jini ba ya isa tsokarta, in ta ci gaba da bugawa a haka cinye ɗan guzurinta za ta yi ta lalace, amma in ta kwanta ga kuma sanyi, kaɗan take buƙata.

Hadiza: Ruwan iri ɗaya ne da na manya?

Dakta: Nan gizo ke saƙar. A da, na manyan ake ba yara, kamar na asibitin St Thomas na Landan, wanda sai an riƙa ƙarawa duk bayan minti 20 zuwa 30, likita na tsaka da ɗinki a zuciyar da ba ta fi ƙwan kaza ba a ce dakata. Ga shi tsokar jariri ba ta gama ƙwari ba, kalsiyam in ya kwararo mata da yawa illa yake mata. Shi ne a farkon shekarun 1990 Pedro del Nido da abokan aikinsa a Pittsburgh ta Amurka suka haɗa na yara, kashi 1 jini kashi 4 ruwa, da lidokayin da maganiziyam a ciki, ɗura ɗaya kan kai wajen minti 90.

Nura: Lidokayin dai na kashe zafin ɗinki?

Dakta: Shi fa. Kuma mililita 20 ake ba kowane kilo, jariri mai kilo 5 mililita 100 kenan, ledar fiya wata ka raba biyar ka ɗau ɗaya.

Hadiza: To tashinta fa? Ni nan ne gabana ke faɗuwa.

Dakta: Ana sakin jijiyar jini mai ɗumi ya wanke ruwan, sai ka ga ta ɗan motsa, ta sake motsawa, galibi da kanta take kama bugawa. A lokacin nan ko mai surutun ɗakin shiru yake yi, kowa ido na kan na'ura.