Filogi Mai Ƙafa Huɗu: Harafi Ɗaya Ya Fi Ƙafafun Muhimmanci

Jama'a, assalamu alaikum. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk abin da aka ce yana rage shan fetur sai ya yi kasuwa a Kano. Na baya-bayan nan shi ne filogin mota mai ƙafa huɗu, wato ƙananan ƙarafa huɗu a bakinsa inda wuta ke sauka. Tambayoyinku sun yi yawa: wai wuta huɗu yake bayarwa, wai mota ta fi ja. To ga shi mun jona shi da kwayil, abin da ke tura wa filogi wuta, ku ƙura ido. Tartsatsi ɗaya ne. Kowane bugu, wutar tana bin ƙafar da ta fi mata sauƙi. Amfanin ƙafafun shi ne su raba zaizayar, filogin ya daɗe. Akwai injinan da da irinsa kamfani ya fito da su, waɗannan a sa musu. Saura kuwa, ba nan gizo ke saƙar ba.

Ku dubi rubutun da ke jikin waɗannan filogai biyun. Duka na kamfanin Denso ne. Wannan SK16R11, na Corolla mai inji 1.8 ta 2003 zuwa 2008. Wannan kuma SK16HR11, na Camry mai inji 2.5. Harafin H kaɗai ya raba su. Kauri ɗaya, sifana ɗaya mai lamba 16 ke kwance su, kuma kowanne zai shiga ramin ɗan uwansa lafiya lau. Amma bari mu jera su. Kun gani? Tsawon zaren, wato wurin da ake murzawa ya shiga rami, na farko milimita 19 ne, na biyu 26.5.

Ka sa dogon a Corolla, bakinsa ya leƙa cikin silinda fiye da ƙima. In an yi rashin sa'a fistin ya daka shi. In ma bai daka ba, zaren da ya yi saura a ciki zai tara gawayi, ran da aka zo kwancewa ya taho da zaren kan inji. Ka sa gajeren a Camry, wutar ta maƙale can cikin rami, ba ta kai ga mai yadda ya kamata. Mota ta kama jijjiga a danja, tana shan mai kamar raƙumi ya sami rijiya.

Wani maƙwabcina haka ta same shi. Ya je sayayya, mai shago ya ce, "Alhaji, ai duk ɗaya ne, tunda ya ɗauru." Wallahi kalmar nan tana ƙona mini rai. Ba don bakanikensa ya jera sabo da tsoho kafin ya ɗaura ba, da aikin dubbai ya koma na dubban ɗaruruwa.

Sauran lambobin ma magana suke yi. 11 ɗin ƙarshe tazarar baki ce, inda wuta ke tsallakawa, milimita 1.1. Ita kuma 16 ɗin da ke cikin sunan tana nuna yadda filogin ke zubar da zafi. A kamfanonin Denso da NGK, in lamba ta hau, filogin ya fi sanyi, kuma 16 ta Denso ita ce 5 ta NGK. A kamfanin Bosch lissafin a juye yake. Mai sanyi da yawa yana yin baƙi a cunkoson Kofar Nassarawa, mai zafi da yawa yana kunna mai tun lokaci bai yi ba. Don haka kafin ka nufi kasuwar kayan mota ta Kofar Ruwa, duba littafin motar, ko a nemo maka da lambar shasi. Tsohon da ka kwance ba hujja ba ne, ƙila tun farko ba nata aka sa ba. Sannan in ka ga na iridiyum, wato mai tsinin ƙarfe mai tsada, da arahar banza, ka yi zargin jabu ne.

Canjin kansa ba wuya. Inji ya huce. Cire kwayil. Hure ramin sosai, in ba haka ba ƙurar hunturu ba ta da wurin zuwa sai cikin silinda. Kwance. Sabon kuwa da hannu za ka fara ɗaura shi, kamar haka, ya riƙa tafiya sumul. Da ya cije, dawo da shi baya, domin kan injin alminiyam ne. In ya zauna, kamar rabin zagaye da sifana ya isa ga sabo. Ba a hawa kansa da ƙarfi.

Kuma don Allah, 'yan uwana kanikawa, a daina goge na iridiyum da samfefa. Ku dubi tsininsa, bai kai milimita ɗaya ba.

Mayar da kwayil, ɗaura noti. Malam, tayar mana. Ku saurara, ku kuma kalli kofin shayin da muka ɗora a kan injin.