Darasin Topolojin Aljebra: Lulluɓin Gama-gari na Sararin da Aka Manna a Ɗigo Ɗaya

Assalamu alaikum ɗalibai da sauran masu bin wannan darasi, barkanmu da sake haɗuwa. Yau za mu ɗauki sarari biyu, X da Y, mu zaɓi ɗigo guda a kowannensu, mu manna ɗigogin nan su zama ɗaya, sa'an nan mu binciki yadda lulluɓin gama-gari na sabon sararin yake. Sararin da aka samu ta wannan hanya ana rubuta shi X ∨ Y, ɗigon da suka yi tarayya a kansa kuma za mu riƙa kiransa mahaɗa.

Ku tuna cewa lulluɓi sarari ne da ke zaune a saman wani, ta yadda kowane ɗigo na ƙasa yana da 'yar unguwa wadda idan kuka dubi abin da ke samanta za ku tarar da kwafi-kwafinta, babu wanda ya taɓa ɗan'uwansa. Ana ce masa na gama-gari idan a haɗe yake, kuma duk wata rufaffiyar hanya da aka zana a cikinsa ana iya tsuke ta har ta koma ɗigo. Misalin da kuka sani shi ne miƙaƙƙen layin lambobi da aka nannaɗe a kan da'ira, inda 0, 1, 2, −1 da sauran cikakkun lambobi duk suke sauka a ɗigo ɗaya.

Abin da nake so ya zauna muku a yau shi ne wannan: ba a samun lulluɓin X ∨ Y ta hanyar ɗauko lulluɓin X da na Y a manna su sau ɗaya a tashi. Ɗalibai da yawa a nan suke tuntuɓe, kuma dalilin a fili yake da zarar an dubi mahaɗa. A ƙasa, unguwar mahaɗa tana da ɓangaren X da ɓangaren Y, saboda haka duk ɗigon da ke samanta, ba tare da togaciya ba, dole ne shi ma ya mallaki ɓangarorin biyu.

Mu fara da da'ira biyu, wato siffar lamba 8. Na sa wa ta hagu suna a, ta dama kuma b, kowacce da kibiyarta. Ƙa'idar da Herbert Seifert ya kawo a 1931, Egbert van Kampen kuma ya faɗaɗa a 1933, ta nuna mana cewa rukunin tushe na X ∨ Y, wato rukunin rufaffun hanyoyin da ke tashi daga mahaɗa su dawo gare ta, shi ne 'yantaccen ninkin rukunan tushe na X da na Y, wato kalmomin da ake jerawa da mambobin rukunan biyu ba tare da wata sabuwar alaƙa a tsakaninsu ba, muddin mahaɗar tana da unguwar da ake iya tsukewa a kowane ɓangare. A nan za mu sami 'yantaccen rukuni mai haruffa biyu, wanda mambobinsa kalmomi ne da aka rubuta da a, b, a⁻¹ da b⁻¹, kuma ba a soke komai a cikinsu sai harafin da ya zauna dab da kishiyarsa.

Yanzu ku dubi allo. Na ja layi a kwance, shi ne lulluɓin da'irar a. A kan kowace cikakkiyar lamba ta wannan layi zan ja wani layi a tsaye, kwafin lulluɓin b, kuma dole in riƙa ƙanƙanta su don kada su yi karo a kan allon. Kowane layi na tsaye yana da nasa cikakkun lambobi, waɗanda su ma suna saman mahaɗa, don haka kowace tana neman sabon layin kwance nata. Haka za a ci gaba ba iyaka. Abin da ya fito bishiya ce wadda kowace mahaɗarta rassa huɗu ne suke fita daga gare ta. Daga tsakiya, taku ɗaya yana kai ku mahaɗa 4, taku biyu 12, taku uku 36, taku huɗu 108, domin bayan takun farko hanya uku ce kawai ta rage idan ba za ku koma da baya ba. Wannan shi ne zanen Cayley na rukunin, irin zanen da Arthur Cayley ya gabatar a 1878.

Bari in ɗora alli a tsakiya mu bi kalmar a b a⁻¹ b⁻¹ tare. Na yi dama taku ɗaya, na hau sama, na yi hagu, na sauko ƙasa. Da a kan takarda mai gidajen murabba'i nake tafiya, da na dawo inda na tashi, kuma wancan shi ne lulluɓin torus, sararin da ke da siffar tiyub ɗin taya, inda ab da ba abu ɗaya ne. Amma ku lura da inda allina ya tsaya a kan bishiya: taku huɗu ne tsakaninsa da tsakiya, domin layin tsayen da na bi na sauko sabo ne, ba ya haɗuwa da layin kwancen da na fara bi. A ganina babu hujjar da ta fi wannan nuna wa ido cewa a da b ba sa musayar wuri.

Misali na biyu ya fi sauƙin zane, amma abin da ke cikinsa ya fi ban mamaki. Mu manna da'ira da fatar ƙwallo, S¹ ∨ S². Ƙwallo ita ce lulluɓin kanta, ɗigo ɗaya tak take da shi a saman mahaɗa, saboda haka ba ta haifar da sabon reshe. Lulluɓin layi ɗaya ne da ƙwallo manne a kowace cikakkiyar lamba. Tun da rukunan homotofi daga na biyu zuwa sama ba sa canzawa idan aka hau lulluɓi, muna iya lissafa π₂, wato rukunin homotofi na biyu mai ƙirga hanyoyin shigar da fatar ƙwallo cikin sarari, a sama. Idan aka tsuke layin, ƙwallaye marasa iyaka za su taru a ɗigo ɗaya, ƙa'idar Hurewicz kuma ta ba mu kwafin ℤ, rukunin cikakkun lambobi, guda ga kowace ƙwallo. Ke nan sararin da aka gina da ɗigo ɗaya, da'ira ɗaya da ƙwallo ɗaya yana da π₂ wanda babu wasu mambobi masu iyakar adadi da za su iya samar da shi, alhali homolojinsa na biyu ℤ ɗaya ne kurum.

Na uku shi ne RP² ∨ RP². Ana samun RP² ne idan aka ɗauki kowane ɗigo na ƙwallo da wanda ke daura da shi ta ɗaya gefen a matsayin abu ɗaya, don haka ƙwallo ce lulluɓinsa, kuma ɗigo biyu ne a saman mahaɗa, mu ce na arewa da na kudu. Ku zana ƙwallo ta ɓangaren farko. A arewacinta ku manna ƙwallo ta ɓangare na biyu, a kudancinta ma haka. Kowace sabuwa tana da sauran ɗigo ɗaya da ba a cike ba, sai ku manna masa ƙwallo ta ɓangaren farko. Za ku sami jeri kamar miƙaƙƙen carbin da ba shi da farko ba shi da ƙarshe, launi biyu suna bin juna. Kowane ɗaya daga rukunan biyu mambobi biyu kawai gare shi, idan a da b su ne zagayen da ba sa tsukuwa a ɓangaren farko da na biyu, a² da b² duk ba komai ba ne, amma ab yana tura jerin gaba da ƙwallo biyu, kuma ko sau nawa aka maimaita shi ba ya dawo da kowa gida. Rukunin ya zama marar iyaka.

Tsarin duka ɗaya ne: a kowane ɗigo da ke saman mahaɗa ana manna sabon kwafin lulluɓin ɗaya ɓangaren, kuma ba a taɓa komawa a manna wa tsohon kwafi, domin yin haka zai rufe zagayen da ba ya tsukuwa. Idan kuka mai da kowane kwafi ɗigo, kowane manni kuma reshe, bishiya za ku gani, ita ce ake kira bishiyar Bass da Serre. Sai dai a kiyaye sharaɗi. Idan aka tara da'irori marasa iyaka masu ƙara ƙanƙanta a ɗigo ɗaya a kan shimfiɗa, siffar da aka sani da ɗan kunnen Hawaii, kowace unguwar mahaɗa tana ɗauke da cikakkiyar da'ira da ba ta tsukuwa, kuma wannan sarari ba shi da lulluɓin gama-gari sam.

Aikinku kafin darasi na gaba shi ne ku zana lulluɓin S¹ ∨ RP². Ku fara da layi, ku manna ƙwallo a kowace cikakkiyar lamba, sa'an nan ku tambayi kanku abin da ɗaya gefen kowace ƙwallo yake nema. Bayan haka ku bi kalmar a b a b a kan zanen, inda a take wakiltar da'irar, b kuma zagayen RP², ku ƙirga layuka nawa kuka taka.